Siminti a Gadon Baya

Iyayenmu mata da ke jin mu daga tsakar gida, maganar yau taku ce kafin ta zama ta kowa.

Yau zancen siminti za mu yi. Kada magina su gyara zama, ba na buhu nake nufi ba. Wani siminti ne da likitoci ke ɗurawa a cikin ƙashin bayan mutum idan ya karye saboda rauni na tsufa. Na san wani zai riƙe baki ya ce, "Siminti a jikin ɗan Adam?" Ni ma haka na ce ranar da na fara ji. Amma ana yi, kuma an yi kimanin shekara 40 ana yi. Masu fita neman magani Misira ko Indiya, wasunku an taɓa yi musu tayinsa. Wasu kuma nan gaba za a yi musu.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Simintin nan gaɓa ɗaya yake gyarawa. Ciwon da ya karya gaɓar yana nan a sauran ƙashin. Zan sake faɗa kafin mu rabu, kuma ba sau ɗaya ba.

Bari in fara da wata gwaggona, Allah ya jiƙanta. Doguwar mace ce, irin wadda ake hango ɗaurin ɗankwalinta daga nesa a gidan biki. A bangon ɗakinta akwai wata ƙusa inda take rataye carbi. Shekara da shekaru tana miƙa hannu ta ɗauko, ko ɗage ba ta yi. Wata rana sai aka ji ta tana kiran jikarta ta hau kujera ta sauko mata da shi. Ƙusa dai tana inda take. Gwaggo ce ta rage tsawo. Zanen da take ɗaurawa ya fara sharar ƙasa. Bayanta ya fara ranƙwafawa. Kowa ya ce tsufa ne, ita ma ta ce tsufa ne.

Rannan da asuba ta sunkuya za ta ɗauki bokitin ruwa, ko cika bai yi ba. Sai ta yi ƙara ta dafe ƙugu. Ba ta faɗi ba, ba abin da ya buge ta. Amma daga ranar juyi a kan gado ya gagare ta. Atishawa ta zama abin tsoro. Salla ta koma yi a zaune, wani lokacin ma a kwance. Da aka kai ta asibiti aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana gaɓoɓi uku da suka lotsa. Ya ce biyu sun daɗe, ɗaya ce sabuwa. Wato gwaggo ta karye sau biyu a baya, ba wanda ya sani, har ita kanta.

To, mece ce wannan karaya da ba faɗuwa, ba haɗari?

Ku dubi sandar rake. Haka gadon bayan mutum yake, gaɓa kan gaɓa, daga wuya har ƙugu. Kowace gaɓa bayanta da tauri, cikinta kuwa kamar soson wanka yake, saƙa ce ta siraran ƙasusuwa da 'yan ramuka. Ƙashi kuma abu ne mai rai. Kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. A ƙuruciya ginin ya fi rushewar yawa. Wajen shekara 30 ƙashi ke kai iyakar ƙarfinsa. Daga nan sai lissafi ya fara juyawa sannu a hankali. Mace kuwa, idan al'ada ta ɗauke mata, sinadarin da ke kare mata ƙashi yakan ragu ƙwarai, sai zaizayar ta yi sauri. Wannan shi ne ciwon zaizayar ƙashi, wanda likitoci ke kira ostiyoforosis.

Wanda ya taɓa zama a ginin ƙasa ya san aikin gara. Ka ga azara a sama lafiya lau. Ka ƙwanƙwasa ka ji fanko. Ba ta yin gargaɗi, sai ranar da damina ta yi nauyi. Zaizayar ƙashi ma haka take, ba zafi, ba zazzaɓi, sai ranar da gaɓa ta kasa ɗaukar nauyin da ke kanta ta lotsa. Galibi ta gaba take lotsawa, shi ya sa mutum ke ranƙwafawa har ya yi doro. Masana ciwon sun ƙiyasta cewa a duniya, mace ɗaya cikin uku da ta haura 50 za ta sami karaya irin ta zaizayar ƙashi. A maza, ɗaya cikin biyar. Saboda haka malam, kada ka ce ba ruwanka. Kuma yawancin karayar gadon baya ba a ma gano ta. Ciwon baya ake ce mata, a shafa man zafi a wuce.

Yanzu mu zo kan simintin.

Asalinsa dangin robar nan ce da ake yin haƙoran roba da ita. Gari ne da ruwa. Idan aka kwaɓa sai ya yi kauri kamar man goge baki, cikin 'yan mintuna kuma ya ɗau zafi ya sandare kamar dutse. Likitocin ƙashi sun daɗe da saninsa. Tun wajen 1960 wani likita a Ingila, John Charnley, yake liƙa ƙugun roba da ƙarfe a jikin ƙashi da shi. Amma ɗura shi a gadon baya, a Faransa aka fara. A garin Amiens ne, a shekarar 1984. Likitoci biyu, Pierre Galibert da Hervé Deramond, suka sami wata mata da wani ƙari na jijiyoyin jini ya cinye mata gaɓar wuya. Suka zura allura suka cika gaɓar da siminti. Ciwon ya lafa. Ku lura, matar nan ba zaizayar ƙashi ke damunta ba. Daga baya ne aka ce, to me zai hana a gwada wa tsofaffi masu karayar baya? Aka gwada. Labari ya tsallaka Amurka, kafin ka ce kwabo aikin ya bazu.

Ga yadda ake yi. Mara lafiya zai kwanta rub da ciki. A yi masa allurar kashe zafi a wurin, a ba shi abin da zai sa shi gyangyaɗi. Ba a tsaga baya. Ɗan huji ne kawai. Likita zai zura wata allura mai kauri, kamar basilla, yana kallon tafiyarta a allon na'urar hoto, har ta shiga tsakiyar gaɓar da ta karye. Sai ya tura simintin a hankali. Ba shi da yawa, bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. An gauraya shi da wani sinadari da ke sa ya fito a hoto, don likita ya ga inda yake bi. Idan ya ga zai kauce, sai ya tsaya. Cikin awa guda galibi an gama. Da yawa a ranar suke miƙewa. Wannan shi ake kira batebroplasti.

Yana da ƙane, wanda ya ɓullo a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, ana ce masa kaifoplasti. Shi kuma sai an fara zura ɗan balan-balan a cikin gaɓar, a hura shi ya buɗa wuri, ya ɗan ɗaga abin da ya lotsa, a zare shi, sannan a cika gurbin. Ya fi tsada. Manufar dai ɗaya ce, a daskarar da karayar ta daina motsi, zafi ya ragu.

Jin wannan, ai sai mutum ya ce an gama magana. Likitoci da yawa ma haka suka ɗauka. Sun ga tsohuwa an shigo da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ta fita da ƙafarta tana sa albarka. Gani ya kori ji.

To, jama'a, ku gyara zama, nan ne labarin ya juya.

A watan Agustan 2009, wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga sakamakon bincike biyu a rana ɗaya. Ɗaya daga Ostireliya, ƙarƙashin Farfesa Rachelle Buchbinder. Ɗaya kuma Dokta David Kallmes na asibitin Mayo a Amurka ya jagoranta. Abin da suka yi akwai wayo. Sun nemi yardar marasa lafiya, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ɗura musu siminti na gaske. Ɗaya kashin kuma aka yi musu kwaikwayo. An kwantar da su rub da ciki. An yi musu allurar kashe zafi. An taɓa bayan kamar ana aiki. Har simintin aka buɗe a ɗakin don warinsa ya daki hancinsu. Amma ko ɗigo ba a sa musu ba. Kuma ba wanda ya san kashin da ya faɗa.

Me kuke tsammani ya faru? Waɗanda aka sa wa siminti sun sami sauƙi. Waɗanda aka yi wa kwaikwayo su ma sun sami sauƙi. Da aka auna, ba wani bambancin a zo a gani.

Wannan sakamako ya tayar da ƙura. Shekara guda bayan haka, ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ba da shawarar a daina yin batebroplasti ga irin wannan karaya. Masu yin aikin kuwa suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce, da yawa daga cikin waɗanda aka gwada a kansu karayarsu ta kwana biyu, wasu ta yi watanni. Ƙashin da ya riga ya kama, me siminti zai ƙara masa? Magana ce mai ma'ana. Sai aka sake gwaji a birnin Sidni na Ostireliya, aka buga a 2016. Wannan karon sabuwar karaya kawai aka ɗauka, wadda ba ta wuce mako 6 ba, kuma mai tsananin zafi, da yawansu ma suna kwance a asibiti. A nan siminti ya nuna amfani. Waɗanda zafinsu ya sauka sosai cikin mako biyu sun ninka na ɓangaren kwaikwayo. Masu goyon baya suka yi murna. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A 2018 likitoci a ƙasar Holan suka fito da nasu gwajin, shi ma da kwaikwayo, suka bi marasa lafiya har shekara guda, ba su ga bambanci ba.

Har gobe likitoci na ja-in-ja a kan wannan. Amma akwai darasi biyu da ni na ɗauka, ku ma ina so ku ɗauka.

Na farko, wannan karaya tana warkewa da kanta. Yawancin mutane cikin wata biyu zuwa uku zafin yake lafawa, ko an sa siminti ko ba a sa ba. Idan aka yi maka aiki a mako na biyar, ka ji sauƙi a mako na takwas, wa za ka gode wa? Allurar ko lokacin? Ba laifin kowa ba ne, haka zuciyar ɗan Adam take, abin da ta gani da ido shi take yaba wa.

Na biyun kuma, akwai 'yan kaɗan da aikin ke iya yi wa rana. Su ne masu sabuwar karaya, waɗanda zafi ya hana su ko tashi zaune, an ba su magani iya magani bai yi ba. Ga irin waɗannan, doguwar kwanciya ita ma haɗari ce. Tsoho ya yi mako uku a kwance, ƙafa ta saki, gyambo ya fito a baya, ƙirji ya cushe, jini ya daskare a jijiya, ƙashin ma ya ƙara zaizayewa. Idan siminti zai tayar da shi da wuri, abin dubawa ne. Kusan matsayar da hukumar tantance magunguna da hanyoyin jinya ta Ingila ta ɗauka ke nan a 2013. Ta ce a yi shi kawai ga mai tsananin ciwo, mai sabuwar karayar da ba ta warke ba, bayan an gwada maganin zafi yadda ya kamata, kuma an tabbatar da hannu da hoto cewa daga wannan gaɓar ciwon yake fitowa. Hoton da ya fi bambance sabuwa da tsohuwa shi ne na MRI. A ganina wannan matsaya ta yi adalci. Ba a rufe ƙofa ba, ba a kuma wangale ta ba.

Sai mu taɓo haɗarinsa a taƙaice. Siminti da ruwa-ruwa ake tura shi, kuma ƙashin a fashe yake, don haka yakan tsiyaya waje. Wannan na faruwa sau da yawa, galibi ba tare da wata illa ba. Amma jefi-jefi yakan gangara wajen laka ya danne jijiya. Yakan kuma bi jijiyar jini ya tafi huhu. Kuma abin da aka ɗura ya sandare, fitar da shi babban aiki ne. Shi ya sa ba aikin kowane ɗakin tiyata ba ne. Sai ƙwararre, sai na'urar hoto mai kyau.

Yanzu bari mu dawo gida, don akwai abin da ya shafe mu fiye da Turawan da suka yi waɗancan gwaje-gwaje.

A ƙasashenmu, ba duk gaɓar da ta lotsa ba ce zaizayar tsufa. Tarin fuka yana kama gadon baya, yana cin gaɓa har ta durƙushe, ko da mutum ba ya tari. Ciwon daji da ya taso daga mama ko wani wuri yakan sauka a ƙashin baya. Idan ƙwayar cuta ce ke cin ƙashin, ɗura siminti a kai ƙara wa wuta fetur ne. Maganin tarin fuka ake buƙata. Don haka ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, a bincika da kyau. Idan kuwa ƙafafu suka fara sanyi ko dindiris, ko fitsari da bayan gida suka fara kufcewa, wannan ba ya jiran wayewar gari. Asibiti, nan take.

Ina girmama masu ɗori, sun taimaki al'umma tun kaka da kakanni. Amma gadon bayan tsohuwa ba wurin ja ba ne, ba wurin dannawa ba ne. Ku ma yara masu taka wa kaka baya don ta ji daɗi, a dakata. Muna da likitocin ƙashi a asibitocin koyarwa, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano. A fara da hoto tukuna.

Ku bar ni in ƙarasa muku labarin gwaggo. Ba a sa mata siminti ba. Maganin zafi aka ba ta, aka ce ta riƙa tashi tana ɗan takawa. Bayan wata biyu ta koma sujada. Muka yi murna, muka ce an rabu da Bukar. Ba wanda ya yi zancen ciwon da ya jawo karayar, mu ma ba mu san mu tambaya ba. Shekara ba ta zagayo ba wata gaɓar ta sake lotsawa. Daga baya na karanta cewa haka abin yake. Cikin matan da suka sami irin wannan karaya, kusan ɗaya cikin biyar takan sake samun wata kafin shekara ta cika. Da an sa mata siminti a waccan gaɓar, da wannan ma ta karye, don kowace gaɓa da nata raunin. Kun ji dalilin da ya sa nake nanatawa. Siminti gaɓa ɗaya yake gyarawa. An canja azara ɗaya, gara na nan a ɗakin.

To mene ne maganin garar?

Akwai shi, kuma ya fi siminti araha nesa ba kusa ba. Akwai ƙwaya mai suna alendronet da ake sha sau ɗaya a mako, da sassafe kafin a ci komai, da kofin ruwa cikakke, kuma ba a komawa kwanciya sai bayan rabin awa. Akwai wanda ake sawa ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. Waɗannan an gwada su a kan dubban mutane, an tabbatar suna rage karayar baya sosai. Likita ne ke rubutawa, bayan ya duba lafiyar ƙoda. Akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi, sai dai ba ko'ina ake samunta ba. Amma wanda ya riga ya karye ba tare da faɗuwa ba, karayar kanta shaida ce.

Sai abinci. Ƙashi yana son sinadarin kalsiyam, mu kuma tuwonmu bai cika ɗauke da shi ba. A Jos an taɓa yin wani bincike da aka buga a 1999, aka gano cewa yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa, ƙarancin kalsiyam ne babban dalili. Ga nono da kindirmo. Ga zogale, ga kuka, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Duk a kasuwarmu suke. Rana kuma kyauta ce, ita ke sa fata ta samar da bitamin D. Uwar gida da ke yini a ɗaki, a fito tsakar gida a sha hantsi. A riƙa takawa, don ƙashi da aiki yake ƙarfi. Taba kuma tana cinye shi.

'Yan mata, ga taku. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, irin su dekzametazon. Shi ma wanda ke sayen irinsu a kemis don ciwon gaɓoɓi ya yi ta sha wata da watanni, jirgi ɗaya ya kwaso ku. Kumatu za su ciko, ƙashi kuma yana zaizayewa ta ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙashin da za ki tsufa da shi, yanzu kike gina shi. Wanda kuma likita ne ya ɗora shi a kan irin wannan magani, kada ya yanke da kansa, ya koma ya tambayi yadda za a kare masa ƙashi.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ƙure mana. Idan wata rana likita, a nan gida ko a waje, ya ce za a sa wa mahaifiyarku siminti a baya, kada ku firgita, kada kuma ku yi saurin sayar da gona. Ku tambaye shi cikin ladabi. Likita, karayar nan sabuwa ce ko tsohuwa? An tabbatar ba tarin fuka ba ne, ba daji ba ne? Idan muka jira mako biyu da maganin zafi, me zai faru? Sannan babbar tambayar, bayan simintin, wane magani za a ba ta don sauran ƙashin? Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Yau da daddare kuma, idan kun shiga gaishe da Inna ko Hajiya ko Baba, ku ɗan dube su a tsaye. Ku ga ko zane ya fara jan ƙasa, ko hannu ya daina kaiwa inda ya saba kaiwa. Idan kun ga haka, ku sa ranar zuwa asibiti.

Masu jinya a gida da asibiti, Allah ya ba ku lafiya. Masu kula da su, Allah ya ba da lada.